Gabar Gidan Percy da Gidan Neville

Gabar Percy da Neville rikici ne da ya ɓarke a 1453 tsakanin manyan gidajen sarauta biyu na arewacin Ingila, gab da yaƙin basasar da gidajen York da Lancaster suka yi kan gadon sarautar ƙasar.

Asali

Gidajen biyu ne ke tsaron iyakar Sikotilan, Percy a gabas, Neville a yamma, kowanne yana tara mayaƙa da kuɗin sarki. Percy sun yi wa Sarki Henry na 4 tawaye daga 1403, aka ƙwace ƙasashensu. Ko da aka mayar musu da sarauta a 1416, wasu kadarori ba su dawo ba, Neville kuwa sun riga sun yi musu fintinkau. Surukai ne ma: matar Henry Percy, hakimin Northumberland, 'yar'uwar Richard Neville ce, hakimin Salisbury.

Kwanton ɓaunar Heworth

A watan Agustan 1453 Thomas Neville, ɗan Salisbury, ya auri Maud Stanhope, wadda ke cikin magadan Lord Cromwell. A hannun Cromwell ɗin nan fadar Wressle take, tsohuwar mallakar Percy. Ganin gidan kakanninsu na shirin komawa hannun abokan gaba, sai Thomas Percy, Lord Egremont, ɗan Northumberland, ya tare 'yan rakiyar amarya a Heworth kusa da birnin York, ranar 24 ga watan. Daga baya an tuhumi mutum 710 daga mutanensa, amma ayarin ya isa Sheriff Hutton, fadar Neville. A watan ne kuma Sarki Henry na 6 ya sami taɓin hankali, aka rasa mai tsawatarwa.

Rabuwar ɓangarori

Da Richard, jagoran gidan York, ya zama mai riƙon ƙwarya a Maris 1454, ya ba Salisbury muƙamin shugaban fada. Percy suka jingina da hakimin Somerset, abokin gabar Richard na York. A ranar 31 ga Oktoba ko 1 ga Nuwamba 1454 'ya'yan Salisbury suka kama Egremont a Stamford Bridge. Aka yanke masa diyyar fam 11,200, ya kasa biya, aka kulle shi a kurkukun Newgate har ya tsere a 1456.

Masana sun rabu: wasu na ganin wannan gabar ce ta kunna yaƙin, wasu na ɗora laifin kan raunin sarki.

Ƙarshen manyan

An kashe Northumberland a yaƙin St Albans ranar 22 ga Mayu 1455, Egremont a yaƙin Northampton a Yulin 1460. Thomas Neville, angon nan, ya mutu a yaƙin Wakefield a Disamban shekarar, washegari aka fille kan mahaifinsa.