Iyakar Girman Layin Saƙonni a Linux

Layin saƙonni hanya ce da manhajoji masu aiki a kwamfuta ɗaya suke miƙa wa juna bayani: wannan ta ajiye saƙo, waccan ta zo ta ɗauka idan ta samu sarari. Kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, shi ke riƙe saƙonnin a memori, don haka yake sa musu iyaka kada manhaja guda ta cinye rabon kowa.

A babbar manhajar Linux layukan iri biyu ne. Na farko gado ne daga System V, wato babbar manhajar Unix da kamfanin AT&T ya fitar a 1983. A saitinsa na asali saƙo ɗaya ba ya wuce bait (ma'aunin girman bayani a kwamfuta) 8192 (msgmax), layi ɗaya kuma ba ya ɗaukar fiye da bait 16384 (msgmnb). Yawan layukan (msgmni) ya zama 32000 tun daga Linux 3.19 na 2015. Idan layi ya cika, mai aikawa zai tsaya jira, ko a mayar masa da kuskuren EAGAIN in ya ce kada a tsayar da shi. Na biyu shi ne na POSIX, wato ƙa'idar bai-ɗaya ta manhajoji irin Unix, wanda ya shigo Linux 2.6.6 a 2004. Saitinsa na asali saƙo 10 ne a layi, kowane saƙo bait 8192, layuka 256 a kwamfuta, sannan kowane mai amfani yana da kason bait 819200.

Ga kwamfutocin yau waɗannan lambobi ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya sa ba a ɗaga su kai tsaye shi ne tsofaffin manhajojin da aka gina a kansu.

A ɗauki misalin wani injin casar shinkafa a Argungu. Manhajar sikeli tana aika nauyin buhuna cikin layi, manhajar rasit tana ɗauka. Wanda ya rubuta ta rasit ya ware mata wurin karɓa na bait 8192 daidai, domin ya san mudun ke nan. To a POSIX, umarnin mq_receive ba ya duba girman saƙon da ya iso, iyakar girman saƙo da aka yanka wa layin yake dubawa. Idan wurin karɓa bai kai shi ba, sai ya ƙi da kuskuren EMSGSIZE, ko da saƙon bait hamsin ne kacal. Ashe ranar da aka ƙara girman mudu ba da sanin mai kwano ba, rasit ya tsaya ke nan, motoci na jere a bakin ƙofa, alhali ba wanda ya taɓa manhajar.

Wannan tarko ya taɓa kasancewa a buɗe. Daga Linux 2.6.28 zuwa 3.4, layin da aka buɗe ba tare da an faɗi girmansa ba yana ɗaukar iyakar ƙoli ne, wato msg_max (yawan saƙonni a layi) da msgsize_max (girman kowane saƙo). Mai kula da kwamfuta da ya ɗaga iyaka saboda manhaja ɗaya mai manyan saƙonni, ya canza wa sauran mudu bai sani ba. Linux 3.5 na 2012 ya raba abubuwan biyu, ya kawo msg_default da msgsize_default a matsayin saitin asali, ya bar su a 10 da 8192. Gyara ne mai ma'ana, sai dai shi ma ya zo da tasa ɓarakar: ya kafa rufin layuka 1024 da ko mai cikakken iko ba ya iya tsallakewa, har sai da aka cire shi a 3.14.

Kason 819200 ma yana da nasa sarƙaƙiya. A lissafi layi goma ne masu saitin asali, amma kanel yana haɗawa da nauyin bayanan da yake kula da kowane saƙo da su, saboda haka na goman ba ya buɗuwa.

Mai kula da kwamfuta yana ganin iyakokin System V da umarnin ipcs -l, na POSIX kuma a /proc/sys/fs/mqueue, ya canza su da sysctl. Mai rubuta manhaja kuwa, umarnin mq_getattr zai gaya masa iyakar girman saƙon layin kafin ya ware wurin karɓa.