Gwarzon Wasan Bidiyo na Shekara

Gwarzon wasan shekara kambu ne da ake bai wa wasan bidiyon da aka ga ya yi wa sauran zarra cikin waɗanda suka fito a shekara guda. Babu wata hukuma guda da ta mallaki wannan kambu. Mujallu da kafofin labaran wasanni da ƙungiyoyin masu ƙirƙira da manyan shagunan sayar da wasa a intanet, kowa yana fitar da nasa jerin, galibi daga watan Nuwamba zuwa Afrilun shekarar da ke biye. Shi ya sa shekara ɗaya takan ƙare da gwaraza uku ko huɗu, kuma musun da ke biyo baya tsakanin 'yan wasa ya zama wani ɓangare na al'adar kanta.

Asali da manyan bukukuwa

Cikin bukukuwan da ke raye har yau, Golden Joystick na Birtaniya ya fi daɗewa. Zaɓensa na farko na wasannin 1983 ne, inda Jetpac ya zo na ɗaya, kuma tun daga farko jama'a ne ke kaɗa ƙuri'a. A Amurka an fara bikin da yanzu ake kira D.I.C.E. a 1998, aka ba GoldenEye 007 babban kambun. Masu aikin ƙera wasanni ne ke zaɓe a can, haka ma a bikin taron masu ƙirƙirar wasanni na GDC da aka soma a 2001. Hukumar BAFTA ta Birtaniya, wadda aka fi sani da karrama finafinai, ta ware wa wasanni biki nasu a 2004.

Wanda ya fi kowanne tashe shi ne The Game Awards. Ɗan jaridar ƙasar Kanada Geoff Keighley ne ya kafa shi a 2014, bayan da bikin da tashar talabijin ta Spike ke shiryawa tun 2003 ya zo ƙarshe. An yi na farko a Las Vegas, daga baya ya koma Los Angeles, kuma a watan Disamba ake yin sa. Alƙaluman masu shirya shi sun nuna an kalli na farko sau miliyan 1.9, na 2024 kuma sau miliyan 154. Waɗanda suka ɗauki kambunsa sun haɗa da The Witcher 3 a 2015, da The Legend of Zelda: Breath of the Wild a 2017, da God of War a 2018, da Elden Ring a 2022, da Baldur's Gate 3 a 2023, da Astro Bot a 2024.

Yadda ake zaɓe

A nan ne tushen rigimar yake. A The Game Awards, kafofin watsa labarai sama da 100 daga ƙasashe daban-daban ne ke tsayar da wasannin da za su yi takara. Wajen fitar da gwani, ƙuri'ar waɗannan alƙalai ita ce kashi 90 cikin ɗari, ta jama'a kashi 10 kacal. Masu shirya bikin suna kare wannan rabo da cewa in aka sakar wa jama'a ragama, wasan da ya fi yawan magoya baya ne zai riƙa ci ko da bai fi inganci ba, kuma wasan da ke kan na'ura ɗaya tak ba zai iya ja da wanda ke kan kowace na'ura ba. Hujja ce mai ƙarfi, amma ba ta hana ɗan wasan da ya kaɗa ƙuri'a jin cewa an gayyace shi biki ne don ya yi tafi kawai.

Akwai kuma batun lokaci. A The Game Awards ana rufe karɓar wasanni a watan Nuwamba, don haka abin da ya fito a Disamba sai ya jira baɗi. Super Smash Bros. Ultimate ya fito a Disamban 2018, sai a bikin 2019 ya shiga takara. Wasannin farkon shekara kuma sukan sha wahalar mantuwa, domin abin da alƙali ya buga makon jiya ya fi zama a ransa.

Alƙalai ma ba bakinsu ɗaya ba. A kan wasannin 2019, The Game Awards ya zaɓi Sekiro, BAFTA ta zaɓi Outer Wilds, su kuwa masu ƙirƙira a D.I.C.E. da GDC suka ba Untitled Goose Game, wani ɗan ƙaramin wasa da mutum ke zama dinya mai addabar mutanen ƙauye. A 2023 BAFTA ta tsallake Elden Ring da God of War Ragnarök ta miƙa kambun ga Vampire Survivors, wasa mai araha da zanensa ya yi kama da na shekarun 1980. 'Yan jarida sukan karkata ga labari mai ratsa zuciya da girman aiki, masu ƙirƙira kuma sukan fi daraja sabuwar dabara, wataƙila don sun san wuyar samo ta.

Wani ma'aunin da ba biki ba ne amma ya fi wasu bukukuwan tasiri shi ne shafin intanet na Metacritic, wanda aka buɗe a 2001. Yana tattara makin masu sharhi ya fitar da matsakaici bisa 100, kuma har yanzu The Legend of Zelda: Ocarina of Time na 1998 ne ke kan gaba da 99. Wannan lamba tana taɓa aljihu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin Fallout: New Vegas ya bayyana cewa kamfanin Obsidian ya rasa kuɗin ihsani saboda wasan ya samu 84, alhali yarjejeniya ta ce 85.

Martanin 'yan wasa

Ɗan wasa ba kamar mai kallon fim ba ne. Wanda ya ƙarar da awa ɗari ko fiye cikin wasa ɗaya, ya biya kuɗinsa, ya kuma sayi na'urar da wasan ke kai, yakan ɗauki faɗuwar wasan a matsayin cin fuska gare shi. Ga kuma tsohuwar gasa tsakanin masoya PlayStation da Xbox da Nintendo da masu wasa a kwamfuta, wadda ke sa kowane sakamako ya zama nasarar wani ɓangare a kan wani.

Makamin da fusatattu suka fi ɗauka shi ne ruwan maki maras kyau, wato dubban mutane su yi wa wasa taron dangi a shafin sharhi su ba shi sifiri. Misalin da aka fi tunawa shi ne The Last of Us Part II. An fallasa sassan labarinsa tun kafin ya fito a Yunin 2020, kuma sa'o'i kaɗan da fitowarsa makin jama'a a Metacritic ya rikito ƙasa, a lokacin da babu wanda zai iya cewa ya kai ƙarshen wasan. Abin ya wuce sharhi, har aka aika wa Laura Bailey, wadda ta yi muryar ɗaya daga cikin jaruman, barazanar kisa. Bayan haka Metacritic ya kafa dokar jiran awa 36 kafin jama'a su fara ba sabon wasa maki. A Disamban shekarar wasan ya kwashe lambobi bakwai a The Game Awards har da babban kambun, yayin da rukunin da jama'a zalla ke zaɓa ya tafi ga Ghost of Tsushima.

Shi wannan rukuni na muryar 'yan wasa an ƙirƙiro shi ne a 2019, sai shi ma ya haifi nasa ƙorafin. A 2022 magoya bayan Genshin Impact da na Sonic Frontiers sun yi ta zargin juna da aringizon ƙuri'a ta hanyar manhajojin bogi, kafin a bayyana Genshin Impact a matsayin wanda ya ci. Lambobin yabo na Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta a intanet, waɗanda aka fara a 2016 kuma masu amfani da shagon ne kaɗai ke zaɓe, su ma sun nuna iyakar ƙuri'ar jama'a. A zaɓen 2023 lambar wasan da ake ci gaba da yi wa hidima ta faɗa hannun Red Dead Redemption 2, wanda masoyansa suka daɗe suna kukan an yi watsi da shi. Ko dai shaguɓe ne, ko kuwa mutane sun danna sunan da suka sani ne kawai.

Shekarar 2024 ta ƙara wa musun launin kishin ƙasa. Black Myth: Wukong na kamfanin Game Science da ke ƙasar Sin ya sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku, ya ci Golden Joystick, ya ci zaɓen Steam, ya kuma ci muryar 'yan wasa. Duk inda jama'a ke da ta cewa, shi ne. Amma babban kambun The Game Awards sai ya tafi ga Astro Bot. Shugaban kamfanin Game Science, Feng Ji, ya yi dogon rubutu a dandalin Weibo yana nuna takaicinsa, har ya ce ya rubuta jawabin karɓar kambun tun shekara biyu da suka wuce. Wasu magoya baya kuma suka huce haushinsu a kan Baldur's Gate 3, suka yi masa ruwan maki maras kyau a Steam, saboda shugaban kamfanin da ya ƙera shi, Swen Vincke, ne ya hau mumbari ya sanar da sakamakon.

Mene ne ma wasan shekara?

Wani musun ba a kan wanda ya ci yake ba, a kan wanda ya cancanci shiga ne. A 2024 an tsayar da Shadow of the Erdtree takarar babban kambun The Game Awards, alhali ƙari ne a kan Elden Ring da ba ya buguwa sai da uwar wasan. A 2023 an saka Dave the Diver cikin wasannin ƙananan masu ƙirƙira masu cin gashin kansu, ga shi kuwa reshen katafaren kamfanin Nexon na Koriya ta Kudu ne ya yi shi. Wasannin wayar salula, waɗanda suka fi kowane nau'i yawan masu bugawa a duniya, an ware musu rukuninsu daban, da wuya su leƙa babbar takara. Haka ma wasannin ƙwallo da na tseren mota, da waɗanda ake ta sabuntawa shekara da shekaru kamar Fortnite.

Shi kansa bikin The Game Awards bai tsira ba. Yawancin lokacinsa tallan sababbin wasanni ne ke cinyewa, domin daga nan kuɗin shirya shi ke fitowa, kuma da yawa daga masu kallo tallan suka zo gani. Bayan Christopher Judge, wanda ya yi muryar jarumin God of War, ya yi jawabin kusan minti takwas a 2022, sai a 2023 aka taƙaita wa masu nasara zuwa kimanin daƙiƙa 30, ana nuna musu allo mai cewa su gama, alhali baƙin taurari na ta hira ba mai katse su. Masu ƙirƙira sun ji zafin wannan ƙwarai, musamman da yake a shekarar ne fiye da ma'aikata 10,000 suka rasa aikinsu a masana'antar, bikin kuma bai ce uffan a kai ba.

Ta fuskar kasuwa, kambun yana farfaɗo da cinikin wasa, kuma ya fi amfanar ƙananan masu ƙirƙira, irin mutum ɗayan da ya ƙera wasan karta na Balatro, wanda ya shiga takarar 2024 tare da manyan kamfanoni. Su manyan sukan sake fitar da wasa haɗe da duk ƙarin da aka yi masa a ƙarƙashin sunan bugun gwarzon shekara. Da yake babu mai mallakar laƙabin, ya isa a ce kafa ɗaya ta taɓa ba wasan wannan matsayi kafin a buga shi a jikin kwali.