Waiwaye: Yadda masu zane suka jawo duniya gaɓar Normandi

Shekaru ɗari biyu da suka wuce, ba kasafai attajirin Paris ke ɗaukar ƙafa ya je bakin teku don kallo kawai ba. Wurin masunta ne, wurin ƙarnin kifi da labarin jiragen da suka nitse. A gaɓar Normandi, arewacin Faransa, masu zane na cikin waɗanda suka fara sauya wannan tunani.

A 1825 wani matashin mai zane, Charles Mozin, ya sauka Trouville, a lokacin ƙauyen masunta ne. Ya zana kwale-kwale da rairayi, ya kai hotunan Paris. Abokan sana'a suka bi sawunsa, marubuta suka biyo, sannan masu hannu da shuni. Jirgin ƙasa ya iso a 1863. A shekarun nan Eugène Boudin ya riƙa zana wannan rairayin, amma yanzu matan manya ne a kan kujeru, da faffaɗan riguna da lema a hannu. Baƙin da hoto ya jawo, su suka koma abin zanawa.

Labarin Étretat, wani garin masunta a wannan gaɓar, ya fi taɓa ni. Can akwai fararen duwatsu masu tsayi, ɗaya ruwa ya huda shi kamar ƙofa, kusa da shi wani ya tsaya tsaye a ruwa, ana ce masa Allura. Gustave Courbet ya zana su a 1869, Claude Monet ya yi ta dawowa tsakanin 1883 da 1886. Su kuwa 'yan gari, aikinsu suke. Maza na jawo jirage bisa tsakuwa da igiya, don garin ba shi da tashar jiragen ruwa. Idan ruwa ya janye, mata su tone tsakuwa su tarar da ruwan daɗi yana ɓuɓɓugowa, nan suke wanki. Tsofaffin jirage a yi musu rufin ciyawa su zama ma'ajiyar koma. Wannan rayuwar ce ta ƙawata hotunan, kuma ita ce ta fara gushewa da otal-otal suka yawaita.

Yau mazauna Étretat ba su kai 1,500 ba, amma baƙi sama da miliyan ɗaya ke zuwa a shekara. Hanyoyin saman duwatsun na zaizayewa saboda taku. Har doka aka kafa ta hana ɗaukar tsakuwar bakin teku, wadda baƙi ke cusawa a aljihu tsaraba, alhali ita ke tare wa garin igiyar ruwa.