Fitsarin jini: abin da doka ta wajabta wa likita ya faɗa miki

Wata bakwai goggona ta yi tana ganin jini a fitsarinta. Duk zuwa asibiti sai a ce sanyi ne, a rubuta mata ƙwayoyi, ta hau mota ta koma ƙauyensu a gefen Dadin Kowa. Ba wanda ya taɓa ce mata akwai wani gwaji gaba da na fitsari. Ranar da aka ɗauki hoton mararta a Gombe, ƙari ya riga ya ci bangon mafitsara.

Ciwon dajin mafitsara ya fi kama maza, kusan ninki uku zuwa huɗu. Amma macen da ya kama ta fi saurin rasa ranta, kuma babban dalili shi ne makara: jinin sai a ɗauka na al'ada ne ko na sanyi, ga kunyar faɗa wa likita namiji. Tsoho kuwa ƙoda da zuciya sun gaji, ba kowa ke jure tiyatar cire mafitsara ba. A yankinmu akwai ƙarin tsargiya, wadda yara ke ɗauka a wankan rafi da dam. Idan ta daɗe ba magani, ƙwayayenta suna jawo miki a mafitsara har ya rikiɗe ya zama daji tun mutum bai tsufa ba.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta ɗora wa duk mai duba marar lafiya nauyin yi masa bayani. Dole ya faɗi halin da jikinsa yake ciki, da ire-iren gwaji da magani da ake da su, da amfanin kowanne da haɗarinsa da kuɗinsa, da kuma 'yancin ya ƙi. Ta ƙara da cewa, in zai yiwu, a yi bayanin da harshen da yake ji, daidai da karatunsa. Wato in Hausa ko Fulatanci kike ji, Turancin likita bai sauke masa nauyi ba.

Batun ire-iren gwaji shi ya fi tsaya mini a rai. Macen da ta sha maganin sanyi jini bai ɗauke ba tana da hurumin cewa, "Likita, ban da wannan, wane gwaji ya rage?" Ya wajaba ya ambata mata hoton mara, da na'urar da ake zurawa a leƙa cikin mafitsara, ko da sai an tura ta babban asibiti.

Sai zancen ɓoye wa tsofaffi. Mun saba jan likita gefe mu ce, "Don Allah kar a gaya wa Baba." Dokar ta yarda a ɓoye ne kawai in akwai ƙwaƙƙwarar shaida cewa faɗar za ta cutar da shi, tausayinmu kaɗai bai kai shaida ba. Sashe na 26 ma ya sa bayanin ciwo sirrin mai ciwon ne, sai da izininsa a rubuce ake bai wa wani, in ban da inda kotu ko doka ta buƙata, ko lafiyar jama'a ke cikin haɗari, ko mai ciwon ƙaramin yaro ne ko wanda ba zai iya ba da izini ba, iyayensa ko mai kula da shi suka nema. Miji ko babban ɗa ba su riga shi ji ba.

Wanda aka ƙi yi wa bayani, sashe na 30 ya ba shi damar kai ƙorafi, kuma dole a bincika. Goggo ba ta kai ba. Da na karanta mata sashe na 23 a bakin gadonta, cewa ta yi, "Ashe da na tambaya, dole ne su amsa mini?"