Baƙar fumfuna a kogon hanci: me ya sa magani kaɗai ba ya isa?

Wace irin cuta ce?

Likitoci na kiranta mukomaikosis. Fumfuna ce irin ta ruɓaɓɓen burodi da taki, kowa a unguwannin Aboabo ko Asawase na Kumasi, a Ghana, yana shaƙar ƙurarta, mai lafiya kuma ko a jikinsa. Mai ciwon suga da ya yi sakaci take kamawa, da mai shan magungunan sitiroyid irin su deksametason, wanda wasu ke saye a kemis don su yi ƙiba, abin takaici. Ita ce ta addabi Indiya a 2021 lokacin korona. Ba a ɗaukarta daga wani.

Ta yaya ake gane ta?

Ciwo da kumburi a ɓari ɗaya na fuska, toshewar hanci, haƙoran sama su fara girgiɗi, sai baƙin ɓawo a hanci ko ganɗa. Nan ake yawan ruɗewa, a ce ciwon haƙori ne, a je a cire. Mai suga da ya ga haka ya nufi Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi a ranar, ba gobe ba.

Don me sai an yi tiyata?

Fumfunar tana kutsawa cikin jijiyoyin jini ta toshe su, nama da ƙashi su mutu. Magani kuwa jini yake bi. Inda jini ba ya zuwa, shi ma ba zai je ba. Shi ya sa likita ke kankare mataccen nama har sai ya tarar da mai fitar da jini. In an zo da wuri, ta hanci ake shiga da siririyar kyamara, ba yanka a fuska. In ta ci ƙashi, a cire sashen muƙamuƙin sama da haƙoransa. In ta cinye ramin ido, wani lokaci har idon, don kada ta kai ƙwaƙwalwa. Sau da yawa sai an koma ɗakin tiyata fiye da sau ɗaya, kada dangi su ɗauka aikin farko ne ya ɓaci.

To maganin fa?

Amfoterisin B, ta ƙarin ruwa, na makonni. Yana wahalar da ƙoda, dole a riƙa gwajin jini. Daga baya a koma ƙwayar posakonazol, a kuma daidaita suga.

Mara lafiya zai iya cin tuwo bayan an cire ganɗa?

Zai iya. Likitan haƙori na ƙera farantin roba mai toshe ramin, har da haƙora a jiki, don kada abinci ya biyo ta hanci, magana kuma ta fita sarai.