Ƙungiyoyin Ba da Shaidar Nutso da Tukunyar Iska

Ƙungiyoyin ba da shaidar nutso su ne ke tsara darussan koyon nutso da tukunyar iska a goye, abin da aka fi sani da skuba. Su ke horar da malamai, su ke ba ɗalibin da ya kammala katin shaida. A yawancin ƙasashe ba doka ce ta wajabta katin ba, amma shagon da ke cika tukunya da mai jirgin da ke kai masu nutso kan murjani duk sai sun gan shi kafin su saurari mutum.

Asali

A 1943 Jacques-Yves Cousteau, jami'in sojan ruwan Faransa, da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar Aqua-Lung, wadda ke ba mutum iska daga tukunya daidai da matsin ruwan da ke kewaye da shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta shiga kasuwa, duk mai kuɗi yana iya saya ko da bai san komai game da zurfin ruwa ba. Haɗarin kuwa ba ƙarami ba ne. Wanda ya cika huhunsa a zurfin mita 10 ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura ta ninka girmanta kafin ya kai sama, huhu na iya yagewa. Wanda kuma ya daɗe a ƙasa ya taso da gaggawa, iskar naitrojin da ta narke a jikinsa za ta yi kumfa a jini, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe.

Birtaniya na cikin waɗanda suka fara tsara koyarwa. A 1953 Oscar Gugen da Peter Small suka kafa BSAC a Landan, a matsayin kulob inda tsofaffin hannu ke koya wa sababbi ba don albashi ba. A Amurka, hukumar gundumar Los Angeles ta fara nata shirin a 1954, kuma ɗaya daga cikin jagororinsa, Al Tillman, shi ne daga baya ya haɗa kai da Neal Hess suka kafa ƙungiyar malaman nutso ta NAUI. Wasu na sa kafuwarta a 1959, wasu a 1960, shekarar da ta yi kwas ɗin malamai na farko a Houston. A 1959 aka kafa CMAS a Monako, Cousteau ne shugabanta na farko. Ita gamayya ce ta ƙungiyoyin ƙasashe, tana auna ɗalibi da taurari: ɗaya, biyu, uku.

Ƙungiyar PADI, wadda John Cronin da Ralph Erickson suka kafa a jihar Illinois ta Amurka a 1966, ita ta sauya fasalin harkar. Da can horon yana da ƙamshin na soja, makonni ana iyo mai wahala da lissafi. PADI ta yayyanka shi gunduwa-gunduwa, kowane mataki da kuɗinsa da katinsa, har ya zama ɗan yawon buɗe ido na iya gama matakin farko cikin kwana uku ko huɗu. A yau ita ce mafi girma a duniya. Wata ƙungiyar, SSI, ta biyo baya a 1970, malamanta kuma sukan koyar ne a ƙarƙashin cibiyar da ke da rajista da ita.

Matakin farko

Sunaye sun bambanta, darasin kusan ɗaya ne. A PADI akwai karatu, sai zama biyar a tafkin iyo ko ruwa mai kwanciya, sai nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa, katin kuma ya ba da izinin mita 18. Matakin farko na BSAC da tauraro ɗaya na CMAS mita 20 ne. A yawancin ƙungiyoyi iyakar nutson nishaɗi mita 40 ce.

Abin da ya fi kayar da sababbi shi ne fitar da ruwa daga gilashin fuska. Ɗalibi yana ƙarƙashin ruwa zai bar gilashin ya cika, ya danne samansa da yatsu, ya ɗan ɗaga kai ya hura iska ta hanci har ruwan ya fita ta ƙasa. A faɗa da sauƙi. Da ruwa ya taɓa hanci sai zuciya ta ce a gudu sama, wanda shi ne ainihin abin da aka hana.

Ƙa'idoji na bai ɗaya

Manyan ƙungiyoyin Amurka sun kafa majalisar RSTC a 1986 don daidaita mafi ƙarancin abin da za a koyar. Akwai kuma ma'aunin ƙasa da ƙasa, ISO 24801, mai matakai uku. Shi ya sa mai katin SSI ke iya ci gaba da karatu a PADI, cibiyoyin Bahar Maliya kamar na Dahab da Hurghada a Masar kuma ke karɓar katin kowace sananniyar ƙungiya. Faransa ta fita daban, don a can doka ce ke tsara zurfin da kowane mataki zai kai.

Zaɓi

Mai ɗan gajeren hutu yakan ƙare a PADI ko SSI, don su ke ko'ina. Mazaunin Turai da ke son koyo a hankali tare da abokan nutso na dindindin yakan shiga kulob ɗin BSAC ko na CMAS, inda kuɗin ya fi sauƙi amma horon kan ɗauki watanni. Masu son kogon ruwa da zurfi mai yawa sukan nufi ƙungiyar TDI, da aka kafa a 1994, ko GUE ta 1998. Tsofaffin masu nutso dai sun fi tambayar wane ne malamin, ɗalibai nawa ya haɗa a lokaci ɗaya, kuma awa nawa aka yi cikin ruwa, kafin su tambayi tambarin da ke kan katin.

Taƙaddama

Masu suka na cewa gajerun kwasa-kwasai na yaye mutanen da ba su ƙware ba, musamman wajen daidaita kansu a tsakiyar ruwa. Masu kare tsarin na cewa shi ya buɗe wa miliyoyin mutane ƙofar teku. Har yanzu ba a daidaita ba.