Taƙaita tasirin kamfanonin magani a harkar lafiya

Taƙaita tasirin kamfanonin magani na nufin dokoki da matakan da ake ɗauka domin hana masu sarrafa magunguna juya akalar likitoci da masu bincike da 'yan majalisa zuwa ga ribarsu. Hanyoyin da suke bi sanannu ne: kyauta ga likitoci, ɗaukar nauyin taro da bincike, ɓoye sakamakon gwajin da bai yi musu daɗi ba, da kamun ƙafa wurin masu yin doka.

Tarihi

A 1977 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin muhimman magunguna na farko, domin ƙasashe su sayi abin da jama'arsu ke buƙata maimakon abin da ake tallata musu, a 1988 kuma ta shimfiɗa ƙa'idojin tallar magani.

A Arewa, abin da ya fi tsayawa a rai shi ne na Kano. Lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200, aka ba kusan rabinsu sabon maganin. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin kuwa ya musanta, ya ɗora alhakin mutuwar a kan cutar. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ciwon bai tsaya nan ba, domin ana ganin wannan rashin yarda na cikin abin da ya sa mutane da dama suka ƙi rigakafin shan inna wajen 2003, kuma yara ne suka ɗanɗana kuɗarsu.

A Afirka ta Kudu, kamfanoni 39 da suka kai gwamnati kotu kan dokar sauƙaƙa farashin magani sun janye ƙarar a 2001, shekarar da Sanarwar Doha ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta tabbatar wa ƙasashe 'yancin fifita lafiyar jama'a a kan haƙƙin mallakar magani. Amurka ta yi doka a 2010 da ta wajabta wa kamfanoni bayyana abin da suke ba likitoci, Faransa ta bi sahu a 2011.

Halin da ake ciki

NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar magunguna da tantance tallarsu a Najeriya. A Sakkwato, kamar sauran birane, wakilin kamfani kan shiga ofishin likita da jakarsa, ya bar biro da kalanda mai sunan maganinsa. Idan likita ya rubuta sunan sinadarin magani, kamar yadda manufar magunguna ta ƙasa ta buƙata, majiyyaci na iya samun mai rahusa a kemis. Idan ya rubuta sunan da kamfani ya sa wa maganin, sai majiyyaci ya biya na tsada.

Saɓani

Kamfanoni na cewa tsananta doka na rage kuɗin binciken sababbin magunguna. Masu suka ba su yarda da haka ba.